Tekun Ruwan Hoda: Allurar Matafiyi da Haƙƙin Masu Gida

A cikin taswirorin duniya da aka ɗinka wa wani mai fasaha ɗan Italiya, Alighiero Boetti, akwai wadda tekunanta duka ruwan hoda ne. Inji bai taɓa ta ba, balle a ce shi ya yi kuskure. Allura ce da zare, a hannun matan Afganistan, ƙasar da tsaunuka suka kewaye, ba ta da gaɓar teku ko ta taku ɗaya. An kawo musu ƙyalle da zanen ƙasashe a jiki, kowace ƙasa da launin tutarta, sai wani makeken fili da ya rage tsakanin nahiyoyi. Suka cike shi da zaren da ke hannunsu. Da aikin ya isa ga Boetti bai mayar da shi ba, abin ma burge shi ya yi, kuma daga nan ya bar musu zaɓin launin teku. Shi ya sa yau ake ganin taswirorinsa da teku kore, da rawaya, da baƙi.

Tun ranar da na fara ganin hoton wannan taswira tambaya ɗaya ke yi mini yawo a rai: wannan teku na wane ne? Sunan da ke rubuce a ƙarƙashin aikin na mutumin da ya yi tafiya ne, amma abin da ya fi ɗaukar ido a cikinsa ya fito daga matan da suke zaune a ɗaki. Duk wanda zai yi maganar masu ɗinkin ado da ke samo tunaninsu daga yawon duniya, daga tsaunuka da koguna da al'adun wasu mutane, dole ya bi ta kan wannan tambaya.

An haifi Boetti a Turin a 1940, ya rasu a birnin Rum a 1994. Ya fara zuwa Afganistan a 1971, ƙasar ta kwanta masa a rai, har ya buɗe wani ɗan masauki a Kabul mai suna One Hotel, yana kai da komowa sau biyu a shekara. Kafin wannan tafiya, a 1969, ya taɓa ɗaukar taswira irin ta 'yan makaranta ya shafe kowace ƙasa da launin tutarta. A Kabul ne ya ga gwanintar mata a ɗinkin hannu, sai tunanin ya zo masa a mayar da waccan takarda ƙyalle. Ana zana iyakoki da tutoci a jikin yadi, a miƙa wa masu ɗinki, su kuma su bi da allura, zare a jikin zare, har yadin ya ɓace ƙarƙashin aiki. Taswira ɗaya takan ci shekara, wata ma fiye. Da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar a ƙarshen 1979, hanyar Kabul ta toshe masa. Daga baya aikin ya koma Feshawar a Pakistan, wurin 'yan gudun hijira, ya ci gaba har rasuwarsa. An ɗinka taswirori kusan 150. In aka jera su, mutum zai ga duniya tana sauya kaya a gabansa: Jamus biyu ta zama ɗaya, jar tutar Sobiyet da ta mamaye saman taswira ta farfashe, tutar Afganistan kanta ta canza ba sau ɗaya ba. Kore-fari-kore na Najeriya da na Nijar mai ɗigon ruwan lemo a tsakiya suna nan a mazauninsu, hannun wata baiwar Allah da wataƙila ba ta taɓa jin sunan Kano ko Damagaram ba ne ya zaunar da su.

Kafin mu koma kan haƙƙi, ya kamata a san abin da ya sa mutum zai ga wuri mai kyau ya ce sai ya ɗinka shi, alhali wayar da ke aljihunsa za ta ɗauke shi cikin ƙiftawar ido. Mai zane da fenti yana gauraya launuka a faranti har ya sami wanda yake so. Mai allura ba shi da wannan gata. Zare ja ja ne, shuɗi shuɗi ne, ba sa narkewa cikin juna. In yana son launin sararin sama bayan la'asar, sai ya jera zaruruwa daban-daban kusa da kusa, ya bar idon mai kallo ya yi gaurayawar. Sannan zare yana da kwanciya: wanda aka ja a tsaye da wanda aka ja a kwance ba sa karɓar haske iri ɗaya ko da daga ƙulli ɗaya aka warware su. Da wannan ne gwani ke bambanta ruwa da tudu, da gona da hanya. Ga kuma uwa-uba, jinkiri. Wanda zai kwashe wata uku a kan ƙyallen da bai fi tafin hannu biyu ba, ba zai iya saka duk abin da ya gani ba. Dole ya zubar da mafi yawa, ya riƙe abin da zuciyarsa ta ƙi saki. Don haka ɗinkin wuri yakan fi hoto faɗin gaskiya game da mai shi, domin yana nuna abin da ya rage masa a rai bayan ya dawo gida.

Ban san wadda ta fi iya wannan zubarwa ba kamar Britta Marakatt-Labba, 'yar ƙabilar Sami da aka haifa a 1951 a can ƙuryar arewacin Suwidin, cikin gidan makiyayan wata irin barewa da ke rayuwa a ƙasar sanyi. Mutanenta masu bin dabba ne daga mashaya zuwa makiyaya, tafiya ita ce rayuwarsu. Babban aikinta, Historjá, tsawonsa ya kai mita 24, ta ɗauki shekara huɗu a kansa, daga 2003 zuwa 2007, mazauninsa kuwa Jami'ar Tromso ce a Norwe. Duniya ta waiwayo gare shi sosai a 2017, da aka nuna shi a babban bajekolin fasaha na birnin Kassel a Jamus. Abin da ya fi kama ni a aikinta shi ne wurin da ba ta ɗinka ba. Takan bar farin yadi haka nan, ya zama shi ne dusar ƙanƙara, sai 'yan ƙananan mutane da dabbobi da bishiyoyi suna ratsa shi da siririn zare. A 1981, lokacin da Samawa ke adawa da gina madatsar ruwa a kogin Alta, ta ɗinka wani aiki inda garken hankaki ke saukowa daga sama suna rikiɗa suna zama 'yan sanda masu baƙaƙen kaya, suna nufar masu zaman dirshan. Ita kanta tana cikin waɗanda suka yi wannan zama. Wannan ɗinki ne na mai gida, wadda ta san sunan kowane tudu da abin da ya faru a kansa. Na kawo ta nan ne domin ta zama ma'auni: baƙo ba zai taɓa ganin wuri haka ba, kuma bai kamata ya yi kamar ya gani ba.

To me baƙo zai iya yi? Sheila Hicks, Ba'amurkiya da aka haifa a 1934 a jihar Nebraska, ta ba da amsar da ta fi gamsar da ni. Ta karanci zane a Jami'ar Yale a hannun Josef Albers, sai ta sami tallafin karatu ta tafi ƙasar Chile a 1957, ta zaga ƙasashen tsaunukan Andes tana kallon yadda masaƙa ke aiki. Ta zauna a Meziko shekaru, ta koma Faris a 1964. Ta yi aiki da wata masaƙa a Kalikut da ke jihar Kerala a Indiya, ta yi da masu saƙar darduma a Maroko. Asalin sana'arta saƙa ce da naɗa zare, amma ta yi manyan ayyukan allura, kamar bangaye biyu da ta ƙawata a ginin Gidauniyar Ford a New York a 1967, waɗanda ta sake yi bayan fiye da shekara arba'in da suka tsufa. Abin da ya sa na ambace ta shi ne wani ɗan katako mai kusurwa huɗu da ƙusoshi a jiki, wanda take yawo da shi duk inda ta sa ƙafa. A kansa take yin 'yan ƙananan saƙe-saƙe, kamar yadda wani ke rubuta abin da ya gani a littafin aljihu. Takan cusa abin da ta tsinta a wurin: gashin tsuntsu, ƙayar beguwa, ɗan tsumma. Ba ta kwafo zanen mutanen da ta sauka a wurinsu ta ce nata ne ba. Ta zauna kusa da su ta koyi yadda ake ɗaura zare da yadda ake gama baki, sannan ta tafi ta yi abin da kowa ya gani zai san nata ne. Kuma ba ta ɓoye inda ta koyo ba, wasu ayyukanta ma sunan garuruwan da ta zauna suke ɗauke da shi.

Akwai masu cewa duk wanda ya ɗauki ado daga al'adar da ba tasa ba ɓarawo ne. Ban yarda ba, kuma babbar rigar da ke jikin dattawanmu ita ce hujjata. Jan alharinin da aka yi wa tsofaffin riguna ado da shi ba a Kano aka yi shi ba. A bayan raƙuma ya ratso Sahara daga Tarabulus, kuma matafiyin nan Bature, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar da shi cikin manyan kayan da fatake ke shigowa da su. Sunan ma daga Larabci muka aro shi. A gefensa ga tsamiya, silikin da ake samu daga gidan tsutsa a dazukanmu. Adon aska biyu da na aska takwas kuwa, Bahaushe ya ɗinka, Banufe ya ɗinka, Bayarabe ya sa, kuma a ƙarni na 19 kyautar riga daga sarki zuwa sarki ta yaɗa su ko'ina a ƙasashen Daular Sakkwato da maƙwabtanta. Wa zai tsaya yau ya ce wannan ado nawa ne ni kaɗai? Allura ta daɗe tana bin ayari. Da an hana ta, da adon duniya ya tsiyace, namu ma haka.

Amma aro daban, ƙwace daban, kuma masu ɗinki sun san bambancin ko da lauyoyi ba su sani ba. A 2015 mutanen Santa Mariya Tlahuitoltepec, wani gari na ƙabilar Mixe a jihar Oaxaca ta Meziko, suka ga rigar matansu, da zanenta da launinta, tana rataye a manyan shaguna da sunan mai tsara tufafi 'yar Faransa Isabel Marant. Suka fito suka yi magana, duniya ta ji. A 2019 ministar al'adu ta Meziko, Alejandra Frausto, ta rubuta wa kamfanin Carolina Herrera takarda tana neman bayanin dalilin da ya sa aka ɗauki tsuntsaye da furannin da matan Tenango de Doria ke ɗinkawa aka sa a sababbin kayansa, da kuma ko matan za su amfana. A farkon 2022 ƙasar ta kafa doka da ta ce irin wannan gado mallakar al'ummar ce baki ɗaya, ba a kasuwanci da shi sai da yardarta. Ko dokar za ta yi aiki a kan kamfanin da ke wata nahiya, wannan wata magana ce. Abin lura shi ne ƙorafin matan. Ba su ce kada kowa ya so adonsu ba. Cewa suka yi a ambaci sunan garinsu, a tambaye su, kuma kada a kashe musu kasuwa da nasu zanen. Fataken da suka kawo alharini sun sayar an saya, kowa ya san daga inda ya fito. Wanda ya ɗauki hoton rigar wata tsohuwa a kasuwar ƙauye, ya tura wa masana'anta ta buga dubbai, ya cire sunan ƙauyen, wannan bai yi ciniki da kowa ba.

A ina Boetti ya faɗo? Nan ne maganar ta yi mini nauyi, domin ba ya cikin waɗanda za a yi wa hukunci da kalma ɗaya. Bai saci zanen kowa ba, taswira da tutoci na kowa ne, shi da kansa ya sha faɗin cewa bai ƙirƙiri komai a ciki ba, haka ya tarar da duniya. Bai ɓoye cewa wasu ne suka ɗinka ba. Ya bar gefen ƙyallen ga Afganawa su rubuta abin da suke so da harshen Farisa, kuma a jikin ayyuka da yawa an rubuta cewa mutanen Afganistan ne suka yi su a Feshawar. Aikin ya shigar da kuɗi gidajen ɗaruruwan mata a lokacin da yaƙi ya raba su da gonakinsu, ba tare da sun fita daga ɗakunansu ba. Ya so ƙasar da gaske, ba son mai wucewa ba. Duk wannan na yarda da shi.

Sai dai kulle ya sa, musamman a Feshawar, ba ya ganin matan, su ma ba sa ganinsa. Maza ne 'yan tsakani ke karɓar yadi su raba gida-gida, su dawo su tattara. A 1990 wata mai ɗaukar hoto, Randi Malkin Steinberger, ta je Feshawar don ta ga yadda ake aikin, amma kyamararta ce ta shiga gidajen a hannun wasu, ita ba ta shiga ba. Waɗannan hotuna ne aka nuna a 2012 a gidan tarihi na Fowler da ke Los Anjelis, a wani bajekoli da ya sa matan Afganistan a cikin sunansa. A cikinsu ana ganin mata zaune a ƙasa, ƙyalle shimfiɗe a cinya, yara na kewaye da su. Sunayen mafi yawansu ba a rubuta ko'ina ba. A watan Nuwamba na 2022 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin manyan taswirorin a New York, ta tashi a kan dala miliyan 8.8. Boetti ya riga ya rasu, kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba, amma babu ko sisi da doka ta ce a kai wa hannuwan da suka yi shekaru a kanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce ai tunanin nasa ne, kuma tunani shi ne fasaha. Na san wannan hujja, mu ma muna da irinta. A ɗinkin babbar riga akwai mai zane da ke fitar da tsari a jikin yadi da alƙalami, akwai masu ɗinki da ke bi, kuma ba a taɓa raina mai zane ba. Amma je ka tambayi wanda ya san riga. Zai juya ta ya dubi baya, ya shafa da yatsa, ya faɗa maka ko hannu ɗaya ne ya yi ta ko an yi karo-karo, ko mai ita ya yi gaggawa. Zane ɗaya a hannun mutum biyu ba ya fita iri ɗaya. Kuma a batun Boetti hujjar ta fi rauni, domin tekun ruwan hodan nan ba umarni aka bi aka yi shi ba. Wata mace ce ta dubi fili, ta dubi zarenta, ta yanke shawara, shawarar kuma ta gyara aikin har mai shi ya mayar da ita ƙa'ida. Wadda ta yi haka ta wuce a kira ta 'yar ƙwadago. Abokiyar aiki ce, kuma abokin aiki da sunansa ake kiransa.

Ba zan ɗora wa Boetti laifin zamaninsa duka ba. Laifin da ya fi girma yana kan gidajen tarihi da dillalan da suka gaji aikin, waɗanda suke da kuɗi da lokacin da za su bi sawun iyalan nan tun masu tunawa suna raye, amma suka wadatu da rubuta suna ɗaya a ɗan allon da ke gefen bango. Ga mai allurar da ke shirin tafiya yau kuwa, abin da zan ce mata kaɗan ne. Tsauni da kogi da launin ƙasa bayan ruwan sama, ta ɗauka yadda take so, Allah ne ya shimfiɗa su. Salon ɗinki, ta zauna ta koya a wurin masu shi, ta biya kuɗin koyo, ta faɗi inda ta koyo. Zanen da mutane ke sa wa amarya ko gawa ko wurin ibada, ta tambayi ma'anarsa kafin ta taɓa, in an ce a'a ta haƙura. In kuma hannun wasu ne zai yi mata aikin, ta rubuta sunayensu kusa da nata, sai fa in su suka ce ba sa so.

Wannan magana ba ta tsaya a Turai ba. Hular da ke kanka, mai karatu, in ta hannu ce, wataƙila wata mata ce ta kwashe makonni a kanta a cikin gida, tsakanin girki da raino, ta ba yaro ya kai wa dillali. Ka san sunan hular, ka san shagon da ka saya, mai yiwuwa ma ka san ɗan siyasar da aka laƙaba mata sunansa. In ka koma sayen wata, ka tambayi mai shagon wa ya ɗinka ta, da nawa aka ba ta.